Abin da Ke Cikin Jakar Baba Tela

A shagon Baba Tela, can saman kantar da ake jera yadudduka, akwai wata baƙar jakar fata da aka ɗaure bakinta da igiya. Duk wanda ya taɓa zama a shagon ya san Littafin Allah ne a ciki, tsoho, wanda Baba Tela ya gada wurin mahaifinsa. Ba a buɗe ta, don wai takardun sun yi laushi, ko numfashi aka yi musu da ƙarfi sai su marmashe. Aikinta ɗaya ne. In almakashi ya yi ƙafa, ko yadin wani ya ragu a hannun mai yanka, Baba Tela ba ya dogon bincike. Sai ya ce kowa ya je ya yi alwala, ya sauko da jakar, a dafa a rantse. Yawanci tun hannu bai kai kan fatar ba almakashi yake dawowa da kansa.

Shagon na iyali ne. 'Ya'yansa biyu ke kan kekuna, Babban Yaya da Auta, matansu kuma suna ɗakin baya wajen guga da saka maɓalli. Matar Babban Yaya ana ce mata Rediyo, don in ta kama tasha sai dai a ɗauke wuta. Matar Auta kuwa Amarya ce, har furfura ta fito mata sunan bai sauka ba, tunda ba a sake kawo wata bayanta ba.

Amarya ba ta da magana. Baƙi kan yaba haƙurinta, amma waɗanda suka san zuwanta sun san ba haka aka kawo ta ba. Da can dariyarta har bakin titi ake ji. Ga abin da ya faru. Tana goyon ɗanta na fari, wata rana yaron ya tsala kuka a kan tabarma, ta ajiye dutsen guga a kan leshin matar wani ɗan kasuwa ta je ta ɗauke shi. Kafin ta juyo, dutsen ya buga hotonsa a tsakiyar rigar. Tsoro ya kama ta, ta ninke rigar ta tura cikin kayan da aka gama. Mai leshi ta zo ta warware, ta tara musu unguwa.

Su biyu ne a ɗakin guga a ranar. Baba Tela ya sauko da jaka. Rediyo ta dafa ta rantse, har da ƙarin da ba a tambaye ta ba. Amarya ta tsaya, ga suruki, ga miji, ga mai leshi riƙe da ƙugu. Ta dafa. Fatar da sanyi. Ta ce ta rantse da Allah da abin da ke cikin jakar nan ba ita ba ce.

Baba Tela ya mayar da jakar, ya sallami mai leshi, bai sake tayar da maganar ba. To amma kun san halin mutane. Biyu sun rantse, ɗaya ƙarya ta yi, sai aka zuba ido a ga wadda Littafin zai ci. Watan bai ƙare ba yaron ya kwanta da zazzaɓi, jikinsa ya feso da ƙuraje. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi a naɗe cikin zane.

Masu gaisuwa sun zo sun tafi, ba wanda ya ce mata ga dalili. Ba sai an ce ba. Rediyo ma da kanta takan yi shiru in Amarya ta shigo, wannan kuwa ya fi zagi. Amarya ba ta yi kuka ba. Ta gaya wa ranta cewa ita ta miƙa shi da hannunta, don haka ba ta da hurumin kuka. Ta koma kan guga. Ta ci, ta sha, ta sake haihuwa, ta yi salla da ɗan abin da ta haddace tun ƙuruciya. Amma hannunta bai sake taɓa Littafin ba, ko da sabon bugu na kasuwa. In ana son yadi daga saman kanta, sai ta sa wani ya ɗauko.

Haka shekaru suka wuce har Baba Tela ya rasu.

Bayan an share makoki, 'ya'yan suka ce za a yi wa shagon fenti. Babban Yaya, wanda da girmansa ya fara zuwa karatu har ya ajiye gemu, ya ce bai dace a bar Littafi cikin ƙura ba, zai kai wa mai ɗaurin littattafai ya gyara shi. Da hantsi ya yi alwala, ya kira kowa ya zo ya sami albarka. Amarya ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin guga, da wandon wani a kafaɗarta.

Ƙullin igiyar ya ƙi kwancewa, sai da aka sa almakashi. A ciki akwai ƙyalle, cikin ƙyallen akwai littafi mai kauri. Babban Yaya ya yi bisimilla, ya buɗe a hankali da yatsu biyu.

Hoton keken ɗinki ne a shafin farko, da kibiyoyi da lambobi.

"Juya gaba, Yaya," in ji Auta. "Wataƙila bango ne aka yi masa."

Ya juya. Ga hoton hannun wata mata tana ɗiga wa keke mai. Ya sake juyawa. Ga yadda ake sa allura, ga yadda ake ɗaure bel. Littafin tsohon keken surfanin nan ne da ke kusurwa, wanda ya mutu tun tuni ake ajiye butoci a kansa.

Rediyo ce ta fara. "Shi ya sa! Wallahi shi ya sa tun ranar da na rantse ban ga zoben Inna ba zarena yake tsinkewa. Ashe keke na yi wa ƙarya, ya riƙe ni!"

"Au, ashe ke ce da zoben?" in ji mijinta.

"Na mayar, ka daina zare min ido. Kai da ka zubar da buta guda wajen alwala don ka karanta mana yadda ake sa wa keke mai."

Auta ya yi dariya har da riƙe ciki. Rediyo ta faɗa kan tulin yadudduka tana share hawaye. Can sai dariyar ta fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kashe fitilu. Ba wanda ya juya ya dubi bakin ƙofa, amma duk sun tuna wa ke tsaye a wurin.

Amarya ta jira ta ji wani abu, ba ta ji ba. Ta lura dai matar cikin hoton tana da dogayen farata, ba za ta iya guga da su ba. Ta sauke wandon ta ninke, ta daidaita karinsa. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mata a kai: yaushe aka musanya? In bayan rantsuwarta ne, to ba abin da ya sauya.

Ta fita ta ƙofar baya ta shiga gida. Inna, uwar mijinta, tana ɗaki cikin takaba, ta miƙe ƙafafu tana shafa musu man zafi.

"Inna, sun buɗe jakar."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. "Na ji dariyar waccan mai bakin. Na ce ai kuwa yau asirin Malam ya tonu."

"Ashe kin sani."

"Ni na ɗinka ƙyallen."

Amarya ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba a ɗakin nan. "Tun yaushe?"

"Miƙo min murfin can." Inna ta rufe kwalbar, ta goge hannu a zane. "Gara ce ta shiga. Wata damina Malam ya sauko da Littafin ya tarar da ƙasa zalla, sai bango da 'yan gefe-gefe. Ya tattara ya kai bayan gari ya binne da hannunsa. Kwana ya yi bai ci abinci ba. Daga baya ya ce in yaran nan suka san jakar ba komai, ƙarya za ta cinye shagon. Ya duba ya ga littafin keke ne kawai ya yi daidai da ita."

"Inna, yaushe?"

"Auta ko kaciya ba a yi masa ba. Ke kuwa ina jin ba a haife ki ba."

Fanka tana juyawa a sama tana ƙara. Amarya ta zuba mata ido.

"Ranar leshi kina wurin," ta ce.

"Ina wurin."

"Ranar da aka dawo da shi daga asibiti ma kina wurin."

"Ni na yi masa wanka." Inna ta ja numfashi. "Na ce miki Allah ne ya karɓi abinsa. Ban ce ba?"

"Kowa haka ya ce."

"To ni da gaske nake. Malam ya hana ni faɗin sauran, har da cewa bai yafe ba in na faɗa. Ya ce za ki manta, yarinya ce ke. Ni kuma na ga kina ci kina sha, ba kya kuka, na ce to ta warke." Ta dubi surukarta sosai, wataƙila karo na farko cikin shekarun nan. "Ƙyanda ce, Amarya. Shekarar nan ta ɗauki ɗan mai wanki, ta ɗauki 'yan biyun gidan direba. Su uwayensu leshin wa suka ƙona?"

Amarya ta san da waɗannan yaran. Har gaisuwa ta je gidajen. Ba ta taɓa haɗa su da nata ba.

Babban Yaya ya yi sallama ya shigo, littafin keken a hammata, Rediyo na biye da shi. Fuskarsa ta nuna ya shirya wa'azi tun daga shago.

"Inna, Allah ya gafarta wa Baba, amma wannan abu bai yi ba. Ya mai da Littafin Allah abin tsorata ɓarayin almakashi. An saukar da shi ne a buɗe a karanta, a yi aiki da shi. Mu kuwa muka ɗaure shi da igiya, har ya bar gidan ba mu sani ba."

"Kai da ka fara karatu shekaranjiya," in ji Inna, "bari gemun ya gama fitowa tukun."

Bai kula ta ba. Ya juya wajen matar ƙaninsa, ya sassauta murya. "Amarya, rantsuwa da sunan Allah aka yi, ba da fata ba. Ko jakar wofi ce, ƙarya sunanta ƙarya, sai tuba. Amma da mun buɗe na gaskiyar mun karanta, da mun gane Allah ba ya kama jariri da laifin uwarsa. Ba haka yake hukunci ba. Mu ne muka yanke, muka ce Littafi ne."

"Na ɗauka na biya," in ji Amarya.

Ta juya ta dubi Inna.

"Duk shekarun nan na ɗauka na biya. Ashe leshin yana nan a kaina. Shi kuma yaron a kan me ya tafi?"

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Inna.

Rediyo ta matso ta zauna kusa da ita, ta buɗe baki, ta rufe. Daga baya ta ce, "Leshin ma wallahi ba shi da kyau. Kalar ɗanyen nama. Taimakonta kika yi." Ba a yi dariya ba. Ta kama hannun Amarya ta riƙe, hannun ya zauna cikin nata kamar na mai barci.

Da la'asar Amarya ta koma nata ɓangaren. Babbar 'yarta, wadda ke aikin jinya, ta dawo tana zaune a kan kujera tana cire takalmi, tana mitar cunkoson mota.

"Kina da wa," in ji Amarya.

'Yar ta ɗago. "Wane irin wa kuma, Umma? Ba ni ce ta fari ba?"

"Akwai wani kafin ke. Namiji."

"Ba wanda ya taɓa gaya min."

"Ni ce ban bari ba." Amarya ta zauna a ƙasa ta jingina da bango. Muryarta ba hawa ba sauka, kamar tana faɗin awon riga. "Ya fara rarrafe. Da baya yake yi, ba ya gaba, sai ya maƙale a ƙarƙashin tebur ya yi ta masifa. Haƙora biyu gare shi a ƙasa. Kunnensa ɗaya ya fi ɗaya girma, irin na babanku."

'Yar ta ajiye takalmin a hankali. "Me ya same shi?"

Amarya ta juya amsar a bakinta kafin ta fitar da ita, don yau ce rana ta farko da za ta faɗe ta.

"Ƙyanda ce," ta ce.

"Allah sarki. Yana kama da wa a cikinmu?"

Amarya ta dubi fuskar 'yarta, goshi da hanci da haɓa, ta daɗe tana dubawa.

"Matso kusa da taga," ta ce. "Ba na gani sosai a nan."