Ƙafafun Shirwa

Aikina zane ne, kuma a da babu abin da nake tinƙaho da shi kamar idona. Nakan ce wa abokan aiki in na kalli mutum sau ɗaya, zan zana shi har da maɓallin da ya ɓalle a rigarsa. Suna yi mini dariya, ni kuwa ko a jikina, don na san ba ƙarya nake ba.

A ɗakin bayan wata maɗaba'a muke aiki, mu biyu. Tebur biyu, taga ɗaya, da fanka mai ƙara wadda ba ta korar zafi sai dai ta watsa mana takardu. Bango ne kawai tsakaninmu da injin buga littattafai, in ya tashi har gwangwanin fensirorina rawa yake yi. Ni ke ƙirƙirar labari in zana shi da fensir. Abokin aikina, wanda kowa ke kira Mai Tawada, shi ke bin layukana da alƙalami, in tawada ta bushe ya goge fensirin tas. Abin da ya rage a takarda shi ake bugawa. Dattijo ne mai tsabtar aiki, ba ya son surutu, kuma bai taɓa tambayata dalilin wani layi ba.

Littafin da muke fitarwa duk wata labarin Shirwa ne, yarinya 'yar shekara goma sha biyar. Da safe ɗaliba ce da ake yi wa horo saboda makara, da yamma ta ɗaura ƙyalle a fuska ta bi rufin gidaje tana ƙwato yara daga hannun mugaye. Da farko mai maɗaba'ar ƙato ya so in zana, mai damatsa da gemu. Na ce masa yara ba ruwansu da ƙato, ƙato ai babansu ne, ko malamin da ke zane su. Wadda suke so ita ce wadda ake aika shago, ake yi mata faɗa a kan wanke-wanke, alhali ita kaɗai ta san jiya ta tare mota da hannu ɗaya. Kowane yaro yana jin akwai wani babban abu a cikinsa da mutanen gida suka kasa gani. Maganata ta tabbata kuwa, ranar fitowar littafi layi suke yi a bakin ƙofa da kayan makaranta a jikinsu.

Shirwa tana da doka ɗaya: uwarta ba za ta sani ba. Komai raunin da ta ji a wajen faɗa, sai ta sa riga mai dogon hannu, ta shiga gida da murmushi ta ce faɗuwa ta yi a filin wasa. Ni na ƙirƙiri dokar nan kuma na ji daɗinta, domin rabin wasiƙun da yara ke aiko mana a kanta suke magana.

Ni ban iya zane da ka ba, sai na ga abu hannuna ke tafiya. Saboda haka 'yar yayata ce take tsaya mini. Tsinke muke ce mata tun tana ƙarama, don ƙafafunta kamar a hura su faɗi. Ubanta ya rasu da daɗewa. Yaya tana ɗinki a wani kamfanin tufafi, ta fita gari bai gama wayewa ba, ta dawo ko magana ba ta iya yi sai ta huta. Talata da Alhamis, in an tashi makaranta, Tsinke ta zo ɗakinmu ta jefar da jaka, ta hau benci, ta yi mini tsalle, ta durƙusa, ta dunƙule hannu, ni kuma ina zana. Ta san labarin fiye da ni. In na manta a wace kafaɗa aka sari Shirwa, ita ke tuna mini, ta haɗa da cewa tsufa ya kama ni.

Wata Alhamis ta diro daga benci, maimakon ta miƙe sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ta daɗe tana haki, sannan ta rarrafa wajen kwandon shara ta yi amai. Mai Tawada ya fita sayen takarda, mu biyu ne a ɗakin. Na ɗauko waya zan kira Yaya, ta riƙe mini hannu.

"Kawu, don Allah kar ka gaya wa Mama. Rana ce ta buge ni. In ta ji, barin aiki za ta yi ta zo, su kuma ba sa yafe fashi."

A cikin labarin akwai wani tsoho mai gyaran takalma, shi kaɗai ya san sirrin Shirwa, kuma fuskata na ba shi. Abin kunya ne, amma zan faɗa: daɗi na ji. Yarinya ta tsallake uwarta ta ba ni amana, kamar yadda na rubuta. Na mayar da waya aljihu, na sayo mata lemo mai sanyi, na ce bakina alekum. Har ido na ƙyafta mata.

Bayan nan ta rage tsalle, ta fi son tsayuwa. Ta koma sa doguwar safa, takalmin kuma ta daina ɗaure igiyarsa. Na ɗauka yayin 'yan mata ne, ya ma burge ni, na sa wa Shirwa. Wasu ranakun takan zo fuskarta a cike, in tsokane ta in ce Tsinke ta fara zama muciya. Ta yi dariya ta ce in yi aikina.

Ranar da abin ya fito fili, wata safiyar Litinin ce. Na miƙa wa Mai Tawada sababbin shafuka shida. Ya gyara tabarau ya duba, sai ya ajiye alƙalami, abin da bai saba ba. Ya ce shi ba mai shiga aikin wani ba ne, amma ya gaji. Wata huɗu ke nan yana rage mini ƙafafun Shirwa, kullum sai ya shigo da layin ciki, yanzu abin ya kai idon sawunta ya ɓace gaba ɗaya. Ya ce in idona ne ya fara rauni, akwai mai tabarau a bakin titi.

Raina ya ɓaci. Na ce masa wa ya sa shi taɓa mini layi, hannuna ba ya ƙari ba ya ragi, abin da ke gabana shi nake zanawa. Ban rufe baki ba na ji abin da na faɗa.

Na jawo shafin. Ga Shirwa tsaye a kan rufi, jiki siriri, amma daga gwiwa zuwa ƙasa kamar turmi, takalmi a buɗe don ba zai ɗauru ba. Na buɗe durowar da muke ajiye tsofaffin shafuka. Fensirin duk an goge, sai tawada mai kyau, ƙafafu sirara. To amma ni mai danne fensir ne, yakan bar gurbi a takarda. Na ɗaga shafukan ɗaya bayan ɗaya a hasken taga. Gurbin yana nan a wajen layin tawada. A na wata huɗu baya, tazarar kamar kaurin zare. A na wata uku, kamar tsinken ashana. Kowane wata tana ƙara faɗi. Hannuna ya ga komai ya rubuta, ni da nake riƙe da shi ban gani ba, shi kuma dattijo ya bi baya yana gogewa don ya rufa mini asiri.

Ban jira tashin makaranta ba. Na je na fito da Tsinke daga aji, na kira Yaya na ce ta same mu a asibiti. Tsinke tana ta yi mini ƙunƙuni a mota wai na karya alkawari. Likita ya sa ta cire safa. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta ya ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba. Aka ɗebi jini da fitsari. Da sakamako ya fito, ya ce ƙodojinta ne, kuma sun yi nisa. Ya tambaya tun yaushe kumburin ya fara. Tsinke ta kalli bango. Yaya ta ce wallahi ba ta sani ba, yarinya ita ke wankinta, ita ke shirinta, kullum ta tambaye ta sai ta ce lafiya lau.

Na ce wata huɗu ne, da amai aƙalla sau ɗaya. Likita ya rubuta, ya ce da a lokacin aka kawo ta da magana ta bambanta. Yaya ta juyo ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba tun muna yara.

Mako bakwai ta yi a gado na uku daga ƙofa. Ana kai ta wankin ƙoda a dawo da ita kamar tsumma. Yaya ta bar aikin da aka ɓoye mata ciwon dominsa, ta tare a kan wata kujerar roba. Ba ta hana ni zuwa ba, ba ta kuma yi mini magana ba. In na shigo sai ta ɗauki flas ta fita neman ruwan zafi.

A irin wannan fitar ne, wata rana da hantsi, na tambayi Tsinke abin da ya sa ta ɓoye. Ta ce Mama takan dawo ita ma ƙafafunta a kumbure saboda keken ɗinki, ina za ta nuna mata nata. Sannan ta ce, "Ai Shirwa ma ba ta faɗa." Ba da zargi ta faɗa ba, da alfahari ta faɗa, kamar ɗalibar da ta ci jarrabawa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ta tambaye ni me zai faru a littafi na gaba. Na ce ina tunanin Shirwa za ta gaya wa uwarta komai. Ta yunƙura kamar za ta tashi.

"Kawu, kar ka yi. Za ka ɓata labarin. Yi mini alkawari."

Na yi mata. Bayan kwana tara ta rasu, da rana tsaka, ana tsakiyar rabon magani.

Wata guda ban taɓa fensir ba. Da na koma, bencin yana inda yake, babu wanda ya matsar da shi. A karo na farko a rayuwata na yi zane da ka. Shafi biyu cur, babu faɗa babu tsalle. Tsohon nan mai gyaran takalma ya rufe rumfarsa, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce wa uwar Shirwa 'yarki ba ta da lafiya, ki duba ƙafarta. Uwar ta durƙusa ta zare safar. Na zana ƙafafun yadda suke. Mai Tawada ya bi kowane layi a inda na sa shi, bai rage ko gashi ba, kuma ranar bai ci abincin rana ba. Alkawarin da ya kamata in karya na riƙe, wanda ta roƙe ni a kan gadon mutuwa shi na karya, kuma na san haka ina zanawa.

Yara ba su so shi ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa, wai tsohon maci amana ne, wai an mayar da Shirwa 'yar Mama. Wani yaro ya rubuto cewa ya yaga nasa. Tsinke ta fi ni sanin masu karatuna.

Na ɗauki kwafi ɗaya na kai wa Yaya. Ban san me nake nema ba, wataƙila so nake ta ga na gane. Na same ta a tsakar ɗaki tana ninke kayan makarantar Tsinke tana sawa a kwali. Ta karɓa ba ta dube ni ba. Ba ta taɓa karanta littafin ba sai ranar. Ta bi shafukan a hankali da yatsa, har ta zo wurin da tsohon yake tsaye a bakin ƙofa da fuskata. Ta daɗe a nan. Sannan ta rufe, ta miƙo mini.

"Ita wannan uwar ka gaya mata," ta ce.

Ta koma kan ninkinta. Safa ce a hannunta, doguwa, bakinta ya saki saboda buɗewa.