Tsagar Kitso a Kan Gurdev

Sailuba ta kunna injin aski ke nan, sai mutumin da ke kwance ya yunƙura ya tashi zaune, ya kare kansa da hannun da bai ji ciwo ba. Jinin da ta sha wahalar tsayarwa ya sake ɓallewa, ya gangaro ta bayan kunnensa ya shige gemu.

Ta daɗe tana aikin jinya a sashen gaggawa na wannan asibiti da ke unguwar Al-Badi'a a birnin Riyad. Ta ga masu tsoron allura, ta ga masu tsoron ɗinki, amma ba ta taɓa ganin ƙato yana gudun aski ba. Ta yi masa magana da Larabci, ta koma Turanci. Shi dai girgiza kai yake yi.

"'Yar'uwa, don Allah kashe abin nan tukuna," in ji wanda ya kawo shi.

Hausar da ta ji ce ta sa ta waiwaya. Sunansa Salissou, mutumin Damagaram. Ya ce shagon waldarsu yana unguwar Al-Sulay, yau an turo su kafa ƙofar ƙarfe a wani gida nan kusa, ƙofar ta kuɓuce ta sari abokin aikinsa a ka. Sunan abokin Gurdev, ɗan Punjab ne ta ƙasar Indiya, mabiyin addinin Sikh, masu naɗa rawani waɗanda ba sa yanke gashi. Ɗakinsu ɗaya, kuma tunda suke bai taɓa ganin reza ko almakashi ya kusanci kansa ba.

Gurdev ya yi magana a hankali da Turanci. Ya ce a ɗinke shi, ko babu allurar kashe zafi ya yarda, amma kada a yanke masa gashi. In hakan ba zai yiwu ba, a naɗe masa bandeji ya tafi. Jibi jirginsa zai tashi, zai je rubuta jarrabawar shiga aikin gwamnati ta jiharsu, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce ƙa'ida.

Sailuba ta dubi raunin. Ya kai tsawon yatsa, kuma ya yi zurfi. Mutum ya tafi da wannan a buɗe cikin zafin Riyad, ba jarrabawa zai je ba, wani gadon asibitin zai koma.

Ta sami Dakta Luqman a gadon wata tsohuwa mai haki. Ya saurare ta ba tare da ya ɗago ba, ya ce shi ba shi da rigima da gashin kowa, abin da yake so kawai ya ga bakin ciwo fes, babu sili ko ɗaya a ciki. In za ta iya ba shi haka, zai ɗinka. Shugabar ma'aikatan jinya kuwa, wata Bamisriya, ta nuna mata layin da ke jira, ta ce gadon ba na mutum ɗaya ba ne, in ya ƙi aski ya kama hanya. Sailuba ta ce lokacin cin abincinta ya yi, kuma a nan za ta cinye shi. Matar ta ɗaga kafaɗa ta wuce.

Da ta kwance ƙullin gashin, sai ya zubo har gadon baya, baƙi wuluk, wani ɗan mataji na katako ya faɗo daga ciki. Salissou ya cafe ya riƙe masa. Sailuba a ɗakin Goggonta ta tashi, makitsiya ce a Gusau, kuma tun kafin ta iya riƙe alkalami ta iya fitar da tsaga. Ta wanke jinin da ruwan gishiri, ta ɗauki bakin hantsaki a madadin tsinken kitso, ta soma raba gashin daga bakin ciwo, sili bayan sili. Wanda ta ware sai ta shafe shi da man da suke amfani da shi, ta kitse shi gefe. Jinin da ya daskare ya manne wasu silin cikin nama, dole ta riƙa jawo su a hankali. Bayanta ya ƙage, gumi ya jiƙa mata wuyan hijabi.

Can ta lura idonsa na lumshewa. Wanda ya bugu a ka ba a son ya yi shiru haka, don haka ta tambaye shi me ake tambaya a jarrabawar tasu.

Ya ce tarihin ƙasarsu ne da adabinta da al'adunta. Ya ba ta labarin sarki Ranjit Singh da ya yi mulki daga Lahore, da ɗakin girkin wuraren ibadarsu inda kowa ke zama a ƙasa a ci tare, mai kuɗi da talaka, kowane addini. Ya ce a shekarar da aka raba ƙasar biyu, kakansa ya tsallako iyaka da sa guda da ƙanwarsa a wuya. A littattafan da yake bita akwai mutanen da suka zaɓi mutuwa a kan a taɓa gashinsu.

"Yanzu kam samari da yawa sun aske," in ji shi. "Har da ƙanena. Ban ga laifinsa ba. Ni dai ban yi ba."

Ta tambayi ma'anar sunan Punjab. Ya ce koguna biyar, ya fara lissafowa: Jhelum, Chenab, Beas, Sutlej. Sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Ravi," in ji Salissou. Ya dubi Sailuba ya ƙara da Hausa, "Kullum da sunayen nan muke karyawa. Bai taɓa mantawa ba."

Hannunta bai tsaya ba, amma ta riƙe wannan mantuwar a ranta. Da Dakta Luqman ya zo, ya sunkuya ya duba tsagar, ya ce masha Allah, ya sa safar hannu. Yana ɗinki tana gaya masa batun mantuwar, ta ce ba za ta so a sallame shi ba sai an yi hoton kai. Gurdev ya so ya yi gardama, don kafilinsa, ubangidan da ya kawo shi aiki ƙasar, yana ta kiran wayar Salissou. Sailuba ta ce masa ta yi masa nasa, yanzu saura ya yi mata nata. Ya yarda, aka tura shi ɗakin hoto.

Sai bayan la'asar sakamako ya fito. Babu jini a ƙwaƙwalwa, babu tsagewar ƙashi. Likita ya ce in bai yi amai ko jiri ba zai iya tafiyarsa, a cire zaren a can gida, kuma ya rage karatu yau da gobe. Gurdev ya haɗa hannuwa ya sunkuyar wa Sailuba da kai.

Saura fita. Ba zai taka waje kai a buɗe ba, ga wuyan hannunsa na dama a ɗaure, ba zai iya naɗa rawaninsa ba. Salissou ya karɓi ƙyallen, ya ninke inda jini ya ɓata zuwa ciki, ya ce shi naɗin garinsu kaɗai ya iya. Ya kewaya shi sakwa-sakwa saboda ɗinkin, ya zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa, ya saki jela a kafaɗa. Gurdev ya daɗe yana kallon kansa a waya, sannan ya miƙe.

Sailuba na canza zanin gadon tana hango su. A bakin ƙofa, Baba Moussa mai goge-goge, dattijo ɗan Maradi, ya janye bokitinsa ya ba su hanya, ya ɗan rusuna wa mai rawanin.

"Sannu, Malam. Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Gurdev da Hausar da ya tsinta wurin Salissou, suka fita.