Teburin Bakin Kicin

Tun da Inna ta rasu Baba ya daina cin abinci. Ba fushi ya yi da kowa ba, ba kuma azumi ya ɗauka ba. Za a ajiye masa kula a gabansa, ya buɗe, ya leƙa ciki kamar mai duba rijiya, ya sa wa wadda ta dafa albarka, ya mayar da murfi. Da yamma Auta za ta dawo ta tarar shinkafar ta yi gumi, cokalin yana nan a bushe yadda ta ajiye shi.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, malamar firamare, gidan aurenta yana can ɗaya gefen garin. Kullum sai ta tashi da wuri ta dafa masa abin da ta san yana so, ta biya ta ajiye kafin ta wuce makaranta. A gidan Baba kuwa an daina kunna wuta. Wata rana ya ɗora buta ya manta har ta ƙone ƙurmus, shi ne Yaya, babban ɗansa, ya kwance tukunyar gas ya sa a motarsa, ya garƙama wa kicin kwaɗo. Kowa ya ce Yaya ya yi tunani. Ita ma Auta haka ta ce.

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa a jikin gidan yake, bango ɗaya ya raba shi da kicin, har yanzu nan yake wuni tsakanin agogunan da masu su suka manta da su. Da can, Auta tana ƙarama, in rana ta take sai a ji yana ƙwanƙwasa bangon da gindin sukudireba, Inna ta amsa daga ciki cewa in sauri yake yi ya zo ya ci tukunyar da murfinta. Yanzu wuyan rigarsa ya yi masa yawa, agogon hannunsa yana zamewa har kusa da gwiwar hannu.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ɗora shi a sikeli, ya duba idonsa da harshensa, ya ce shi bai ga wata cuta ba, amma idan suka dawo ƙarshen wata sikelin bai motsa sama ba, gado zai ba shi, a zura masa roba ta hanci. Sai da suka shiga mota Baba ya yi magana.

"A ginin nan na bar uwarku," ya ce, yana kallon asibitin ta taga. "In kun ga na kwana a ciki, to ɗauko ni aka yi."

Auta ta juya kai ɗaya gefen, ta yi ta kallon shaguna suna wucewa ba tare da ta ga ko ɗaya ba.

Yaya ne ya kawo shawarar a fita da shi cin abinci a waje. Ya ce ƙila hannun Auta ne ya gundire shi, don ko mijinta haƙuri kawai yake yi. Ta harare shi, amma ta yarda, ko da yake duk sun san halin Baba. Mutumin da tun yana saurayi bai taɓa zama a gidan abinci ba. Cewa yake yi abincin waje ba abinci kake saye ba, hayar kujera da fanka kake biya, a haɗa maka da 'yar shinkafa don kada ka ji haushi.

Wurin da Yaya ya zaɓa duk gilashi ne, ga sanyin esi, ga kiɗa a hankali kamar ana tsoron tashin jariri. Baba ya zaro ɗan madubin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya bi kuɗin kowane abinci da shi a takardar da aka miƙo. Sannan ya tambayi mai kawo abincin, cikin ladabi, ko kazar tasu a ƙasar waje ta yi karatu. Abincin ya fito ta wata ƙofa mai rufe kanta, shiru, a jere kamar hoton talla. Baba ya yaba farantin, ya ce tangaran ne mai kyau. Loma ɗaya ya kai baki, ya daɗe yana juya ta, ya sha ruwa. Haka aka ƙunshe musu sauran suka fito.

Sun gwada wani wurin, sun sake gwada wani. A na ƙarshe Yaya ya biya kuɗin, ya ja Auta gefe ya ce shi kam ya gaji da ciyar da kwandon shara, gara a bar likita ya yi aikinsa tun tsohon yana da sauran ƙarfi. Ba don rashin tausayi ya faɗa ba, idonsa ja wur.

Ranar da ba makaranta, ana saura 'yan kwanaki su koma asibiti, Auta ta ɗauki Baba ita kaɗai. Wata abokiyar aikinta ce ta yi mata kwatancen wani ɗan gidan abinci a bayan layin masu sayar da ƙarafa. Ta ce mata matar da ke wurin, Goggo ake kiranta, ga tsada ga sa mutum jira, domin ba ta ɗora kasko sai an zauna an faɗi abin da ake so, amma dai a je a gani.

Ɗaki ne siriri, fankarsa tana juyawa da ƙyar, duk tebura sun cika. Ɗaya kawai ya rage, can ciki a bakin kicin, wanda kowa ke gudu saboda zafi da hayaƙi. Ƙofar kicin ɗin ma babu ita, sai tsohon labule da aka naɗe a kan ƙusa. Auta ta so su juya, amma ƙafafun Baba sun gaji, sai suka zauna.

Goggo ta leƙo, gajeriya mai faɗin kafaɗa, tawul a wuya. Ta ce yau kifi ne da miyar tumatir da shinkafa, ta faɗi kuɗin. Baba ya ɗaga kai ya dubi rufin da ya yi baƙi, ya dubi fankar, ya ce a wannan lungun? Ko can mai gilashi da ya yanke su, ya ba su sanyi.

"Baba tsoho, in tsada ce ta tsorata ka, ruwa kyauta ne."

"Shi ma sai na ga girman kofin, 'yar nan."

"Ni ce 'yar nan? Da jikokina?" Ta yi dariya, ta saɓa tawul ɗinta. "Zauna ka huta, ba a taɓa mutuwa a teburin nan ba."

Ta shige. Auta ta zuba wa Baba ruwa, tana lissafin yadda za ta gaya wa Yaya an sake asara.

Sai wuƙa ta fara sauka a kan katako.

Tas-tas-tas, da sauri, a daidaice, ta tsaya, ta share, ta ci gaba. Auta ta ga hannun Baba ya tsaya da kofin a tsakanin tebur da baki. Ya ajiye shi a hankali. Ya karkata kai gefe, ya lumshe ido, irin karkatawar da yake yi in ya kara agogo a kunne yana neman inda ciwon yake.

"Albasa ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Tumatir ba ya wannan ƙarar."

Aka ji ƙyastawar ashana, aka ji kasko ya zauna a kan wuta. Mai ya kwarara. Shiru ya ɗan ratsa, Baba ya ɗaga yatsa ɗaya sama yana jira, kamar shi ne zai ba da izini. Yana sauke yatsan albasa ta faɗa cikin mai, cuuu, ƙamshi ya fito ya lulluɓe su.

Tsigar jikin Auta ta tashi. Daga inda take tana hango Goggo ta gefe, kuma ba ta taɓa tsayawa ta kalli mutum yana girki ba sai yau, ita da take girki kullum. Matar ba ta auna komai, ba ta duba komai. Hannun dama yana juya ludayi, na hagu yana tafiya da kansa ya ɗebo gishiri, ya dawo, ya rage wuta, ya ɗaga murfi. Ta kwantar da kifin a cikin mai kamar mai kwantar da jariri. Da ta girgiza kaskon sai harshen wuta ya tashi sama da kanta, ya haske ɗakin da zufar da ke goshinta, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Baba kuwa, ido a rufe, yana ta faɗin abin da zai biyo baya kafin ya zo: yanzu za ta juya kifin, yanzu tumatir, yanzu za ta buga ludayi a bakin tukunya. Ƙwal, ludayi ya bugu.

Maƙogwaronsa ya motsa. Auta ta gani da idonta, yawu ya haɗiye.

"Duk agogunan da ke shagona," ya ce, bai buɗe ido ba, "ban taɓa duba ko ɗaya ba don in san lokacin cin abinci. Bangon da ke tsakanin shagon da kicin ne yake gaya mini. In wuƙa ta fara, cikina ya farka. In albasa ta faɗa mai, ya tashi zaune. Kafin uwarku ta sauke, ya riga ya tsaya a bakin ƙofa. Abincinki yana da daɗi, Auta. Amma yana zuwa ne ba sallama, ya tarar da cikin yana barci."

Auta ta tuna kwaɗon da ke ƙofar kicin, ta tuna yadda ta tsaya a gefe ana garƙama shi har tana cewa Allah ya yi wa Yaya albarka.

Goggo ta dire wa Auta nata farantin, ta dire na Baba a gabansa yana tururi, man yana ta tsartuwa a jikin kifin. Baba ya yi bismilla. Ya kai loma ta farko, ya tauna, ya haɗiye. Ya kai ta biyu. Auta ta riƙe numfashi, ta ƙi kallonsa kai tsaye, kamar tsuntsu ne ya sauka a tagarta tana tsoron ya tashi. Ta ƙura wa gishirin da ke kan tebur ido, hawaye na zuba, tana jin ƙarar cokalinsa a jikin faranti. A duk rayuwarta ba ta taɓa jin kiɗan da ya kai wannan ba. Ya ajiye cokalin ya sa hannu, ya bi kifin ƙaya bayan ƙaya. Zufa ta keto masa. Ya nemi burodi ya share miyar har farantin ya koma kamar an wanke.

Da Goggo ta zo kwashe kaya ya gaya mata gishirinta ya ɗan fi na marigayiya matarsa. Ta ce Allah ya jiƙanta, amma wanda ya suɗe faranti haka ba shi da bakin ƙorafi. Ta dubi fuskar Auta, ta dubi abincinta da ko taɓawa ba ta yi ba, ta tafi ta ƙunshe mata shi.

Baba ya hana Auta buɗe jaka. Da kansa ya laluba aljihu ya biya, yana tsaki. Suna fitowa layin masu ƙarafa, ya dafa kafaɗarta, ta tambaye shi ko wannan karon abincin ya ci kuɗinsa.

"Ina fa. Kifin nan bai kai haka ba." Ya waiga, ya rage murya. "Amma ba ta sa mana kuɗin ƙarar ba. Yi sauri mu tafi kafin ta tuna."

Tun a hanya ta kira Yaya ta ce ya kawo mukullin kicin da tukunyar gas. Ya fara kawo mata maganar butar da ta ƙone. Ta ce ta ji, in ta gama za ta rufe da hannunta ta tafi da mukullin, amma daga yau a gidan Baba za a riƙa dafa abincin Baba. Ya tambaya ko ya ci wani abu. Ta ce har da burodi. Yaya ya ce ga shi nan zuwa.

Washegari ta taso daga makaranta kai tsaye, da ledar cefane a hannu. Kicin ɗin Inna yana warin rufi, ƙura ta kwanta a kan tukwane, amma kowane ludayi yana rataye a ƙusarsa. Ta share, ta wanke katakon yanka, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru. Ta bar taga a buɗe. Ta ɗora albasa ta fara yankawa, da gangan take sakin wuƙar da ƙarfi. Daga shagon ba ta ji motsin komai ba, sai agogunan da ke tafiya, kowanne da nasa saurin.

Ta ɗora kasko, ta zuba mai. Ta ɗebo albasar za ta watsa.

"Man bai yi zafi ba tukuna, Auta," in ji muryar Baba ta bayan bango.

Ta tsaya da albasar a tafin hannu, tana dariya tana share ido da kafaɗa. Ta jira har man ya fara rawa, ta watsa, kicin ya ɗauki ƙara. Tana cikin juya miya, shinkafa ko tsotsewa ba ta yi ba, sai ta ji shi a jikin bangon, daidai saitin kanta: gindin sukudireba yana ƙwanƙwasawa.