Abin da Ƙasimu Ya Ɗauka a Bama

Baraka ta fita takaba a farkon damina, ta tarar gidan ya yi mata faɗi. Ɗaki biyu ne kawai da ɗan tsakar gida a gindin Dala, amma tun da aka kai mijinta Ƙasimu makwancinsa sai ya zama kamar an ƙara wa gidan fili. 'Yarsu ɗaya tilo, Maimuna, tana aure a Nguru. Ta zo zaman makoki, ta koma ɗakinta. Aka bar Baraka da tanderunta na gurasa, da masu sari da ke zuwa da sassafe su kwasa su watse.

Ƙasimu baduku ne a Kasuwar Kurmi. Kafin yaƙi mutum ne mai barkwanci, in ya shigo gida tun daga soro ake jin muryarsa. Da aka zo ɗaukar soja lokacin yaƙin duniya ya shiga, aka ƙetare teku da su zuwa ƙasar Bama. Ya dawo a rame, da wata adda mai baƙar ƙota, da wuyan da ba ya juyuwa sai ya juyo da jikinsa duka, da wani fili a tsakiyar kansa inda gashi bai sake tsirowa ba. Maganarsa ce bai dawo da ita ba. Ya koma rumfarsa yana ɗinka takalma da gafaka, ba ya faɗa da kowa, ba ya hira da kowa. Shekara goma Baraka tana shafa masa man kaɗanya a wuya, ba ta ji labarin Bama daga bakinsa ba. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta tambaya, ya ce, "Ruwa ne a can. Ruwa mai yawa." Ya ɗauki buta ya fita.

Abu ɗaya ta san yana motsa shi. Duk lokacin da jirgin sama ya gitta ta saman birni, ko da loma ce a hannunsa, sai ya ajiye ya fito tsakar gida. Ya karkata da baya saboda wuyan, ya tsaya yana duban sama har ƙarar ta ɓace, sannan ya koma ya zauna.

A unguwa kuwa Ƙasimu Mai Tanka ake ce masa. Asalin sunan, wata rana aka kawo majigi aka nuna wata motar yaƙi mai tafiya a kan sarƙa tana ture itatuwa, sai wani ya ce, "Ga irin motar da Ƙasimu ya tuƙa." Aka juyo ana dubansa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, sunan ya bi shi. Baraka ma ta yarda. A ranta ta ɗauka wannan tukunyar ƙarfen ce aka rufe mijinta a ciki har ya manta yadda ake hira.

To, ba a daɗe da fitarta takaba ba sai ta ji a bakin mai kawo mata ruwa cewa sojoji sun zo da tsofaffin kayan yaƙi a jirgin ƙasa. An gyara su, an shafe su da sabon fenti, an jera su a wani fili kusa da filin jirgi, kowa ya je ya kalla. Har da tanka, in ji shi, har da jirgin sama na yaƙi.

Ta leƙa gidan maƙwabciyarta Ladi, ta same ta tana tankaɗe.

"Ladi, ko za ki raka ni filin jirgi?"

"Wa za ki taro?"

"Ba kowa. An ce an kawo irin motar Malam."

Ladi ta dakata da rariya a hannu, ta dube ta da tausayi. "Haba Yaya Baraka, me mace za ta yi da kallon ƙarfe? Ki yi masa addu'a, ita ce za ta same shi. Kuma kin san maigidan nan ba zai bar ni ba."

Da hantsi ya yi, Baraka ta yafa mayafinta, ta ja ƙofa, ta kama hanya ita kaɗai. Ta fita ta Ƙofar Mazugal. Rabonta da bayan ganuwa har ta manta. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, gero ya fara kai gwiwa a gonaki. Masu kekuna suna wuce ta suna kaɗa ƙararrawa. Ba ta tambayi kowa hanya ba, inda ta ga maza sun nufa nan ta bi.

Filin cike yake. 'Yan makaranta a jere da malamansu, 'yan kasuwa da manyan riguna, matan Sabon Gari da lemarsu. An kewaye kayan da igiya. Ga igwa biyu sun ɗaga baki sama. Ga jirgin can gefe, mai farfela a hanci, an wanke shi yana sheƙi. A tsakiya kuma ga tankar, koriya shar, an goge ta har sarƙar ƙafarta an shafa mata baƙin mai.

Ta fi ta majigi ƙanƙanta. Baraka ta kewaya ta bayan mutane tana neman ƙofa ko taga, ba ta gani ba, sai wani marfi a sama kamar na tulu. Wani saje yana tsaye kusa yana yi wa maza bayani da babbar murya, yana buga jikin motar da sanda. Ba ta fahimci rabin abin da yake faɗa ba, kuma babu wanda ya matsa mata ta zo gaba. Sai ta koma inuwar wata bishiyar maina ta zauna, tana kallon marfin nan tana ƙiyasta yadda mutum mai tsawon Ƙasimu zai naɗe ƙafafunsa a ciki.

Da azahar ta gabato mutane suka ragu, sajen ya tafi cin abinci. Ta taso ta zo bakin igiya. Wani dattijo da koɗaɗɗen kaki yana goge sawun hannayen yara daga jikin motar da tsumma. Ya ɗan jima yana lura da ita kafin ya yi magana.

"Baiwar Allah, tun ɗazu nake ganinki. Wani naki kika ɓatar a cikin taro?"

"A'a, Malam. Kallo na zo." Sannan ta ƙara, "Maigidana ya tuƙa irinta a Bama. Bana Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. Ni ma na je Bama. Mailafiya sunana. Yanzu na bar soja, ina dai bin kayan nan ina sharewa." Ya matse tsumman. "Yaya sunansa?"

Tun da aka kai ta gidan mijin nata tana yarinya ba ta taɓa kiran sunan a fili ba. Ta dubi ƙasa.

"Ƙasimu," ta ce. "Ƙasimu baduku, na Dala."

Mailafiya ya yi tunani, ya girgiza kai. "Muna da yawa, ban san shi ba. Amma Malama, inda aka kai mu babu hanyar da wannan za ta bi. Duwatsu ne da kurmin gora. Ni ban ga tanka da idona ba sai da muka fito za a komo da mu gida. Shi ya ce miki ya tuƙa?"

"Bai ce ba. Mutane ne suka ce."

"Me ya dawo da shi?"

"Adda."

Dattijon ya ajiye tsumman a kan sarƙar motar. Ya ɗan waiga, ya ga babu mai kallonsu, ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. A tsakiyar furfurarsa akwai fili, sumul, fatar ta yi kauri ta yi duhu. Baraka ta san wannan filin. Ta san faɗinsa da tafin hannunta.

"Haka nasa yake," ta ce a hankali.

"To ɗan'uwana ne." Ya mayar da hular. "Mu ba a ba mu bindiga ba, adda aka ba mu da gammo. Inda mota ba ta zuwa, inda alfadari ma yake turjewa, mu ne muke ɗauka. Harsashin igwa, buhun shinkafa, akwatin magani, duk a ka. Ka hau dutse da shi, ka gangara, ka shiga rafi ruwa iya ƙirji, matsattsaku suna shan jininka ba ka da hannun cire su. In an fara harbi mai bindiga ya kwanta ya rama, kai kuwa sai dai ka rungume kayanka."

Baraka ta riƙe igiyar da hannu biyu. Ta nuna jirgin da haɓa. "Wancan fa? In ya ji ƙararsa sai ya bar abinci ya fito."

Mailafiya ya yi ɗan murmushi. "Wannan ƙarami ne, na faɗa ne. Namu mai babban ciki ne. Shi ke jefo mana abinci daga sama, da lema a ɗaure. In hadari ya rufe ba zai zo ba, ranar sai a kwana haka. Saboda haka kowa kunnensa yana sama. Ni har yau in na ji, sai na ga na ɗaga kai, kuma yawu ya taru mini a baki."

"Me ya hana shi ya gaya mini?"

"Wa zai je bangon duniya ya dawo ya ce dako ya yi?" Ya ɗauki tsummansa yana juya shi. "Kuma ba duk kayan ba ne kaya. Wani mutum ne. Ku ɗauko shi yana yi muku magana, yana ba ku saƙo gida, ku kai inda za ku sauke ku tarar ya yi shiru. Wannan ba labarin da ake ba iyali ba ne."

"Kai ka ba naka?"

"Da na dawo na tarar an raba auren, an ce na mutu. Ban sake yi ba."

Tana da sauran tambaya, amma sajen ya dawo yana ƙwala masa kira. Mailafiya ya amsa, ya ce mata, "In kin sami hali ki dawo. Da azahar nake samun sarari." Ya tafi da ɗan gudu, kafaɗunsa a maƙale kamar na Ƙasimu.

A hanyar gida ba ta ga gonakin ba. Tambayoyi ne suke ta zuwar mata. Me suke ci in jirgin bai zo ba? A ina suke sallah? Wa yake yi musu aski? Yana dariya a can, ko tun a can ya daina? Da ta isa ta zaɓi alkama mai kyau ta jiƙa, ta daka ƙuli da yaji, da niyyar ta kai wa dattijon gurasar da ba ta sayarwa ba.

Washegari sama ta ɓalle tun da safe, ruwa ya wuni yana zuba, lungunan Dala suka zama rafi. Ba ta iya fita ba. Da gari ya sake wayewa ta gasa sabuwa, ta yayyafa mata mai da ƙuli, ta rufe a kwano, ta ɗaura a tsumma, ta sake bin Ƙofar Mazugal.

Tun daga nesa ta ga babu taro. An kwance igiyar. Inda tankar ta tsaya sai rami biyu dogaye da ruwa ya kwanta a ciki. Jirgin yana nan, amma an cire masa fukafukai an lulluɓe shi da tamfol. Wani matashin soja yana zaune a kan akwati yana gadi.

"Sannu da aiki. Ina dattijon nan mai share kaya, Mailafiya?"

"Sun raka tankar zuwa tashar jirgin ƙasa tun jiya da yamma."

"Ina za a kai su?"

"Wai Zariya, wai Jos. Ban sani ba, Iya."

"Mutumin wane gari ne shi?"

Sojan ya ɗaga kafaɗa. "Lebura ne dai."

Ta tsaya da kwanon a hannu. Sai yanzu ta tuna ba ta tambaye shi garinsu ba, shi ma bai tambayi sunanta ba. Ta kwance tsumman ta juye wa sojan gurasar a kan akwatin, ya yi godiya ya fara ci tun ba ta juya ba.

Ba ta gaya wa kowa a unguwa ba. Ta adana labarin sai Babbar Sallah, da Maimuna ta zo da jaririnta. Da la'asar suna tsakar gida, Baraka tana tsinke zogale, Maimuna tana fama da yaron da ke ta kuka saboda haƙori.

"Kin san babanki ba mota ya tuƙa a Bama ba," in ji Baraka. "Kaya ya ɗauka. A ka."

"Wane kaya, Inna?"

"Harsashi, da abinci. Har da mutane. Na haɗu da wani da suka je tare, ya ce a can..."

Yaron ya ƙara ƙarfin kuka, ya kama mayafin uwarsa. Maimuna ta miƙe tana jijjiga shi, ta saɓa shi a kafaɗa.

"Allah sarki Baba," ta ce. "Allah ya jiƙansa. Inna, ina kika ajiye zumar nan? Ko na lasa masa ya yi shiru."

Baraka ta dube ta, ta ga ramar jego da gajiyar tafiya a fuskarta. Ta karkaɗe zaninta, ta shiga ɗaki ta ɗauko zumar. Kafin Maimuna ta koma Nguru maganar ba ta sake tasowa ba, ita kuma Baraka ba ta sake tayar da ita ba.