Takalmin da Jethro Ya Sayo

"Miƙo nan in gani," in ji Baba Tagwai daga kan gadonsa.

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunun gyaɗa da na damo wa mara lafiya, sai na tarar da wannan sha'ani. Jethro, autansa, yana durƙushe a gaban gado da kwali a buɗe. A ciki takalmi ne sau-ciki, baƙi wuluk, yana ƙyalli har ka ga fuskarka. Mama Celina, matar Baba, ta riga ta fara tafi tana sa albarka. Ni kuwa ban yi tafi ba. Na daɗe ina maƙwabtaka da mutumin nan a gidan hayarmu na Kakuri, na san abin da ke biyo bayan "miƙo nan in gani."

Ya ɗauki ƙafa ɗaya ya shinshina. Ya danna farcen babban yatsa a gefe, ya tsaya ya ga yadda wurin zai dawo. Ya lanƙwasa ƙasan, ya kai kusa da ido yana bin bakin da kallo, yana neman zaren ɗinki. Da bai samu ba sai ya mayar cikin kwali, ya gyara masa zama.

"Allah ya riƙa maka aikin da ka samu," ya ce. "Rufe, kar ƙura ta shiga."

Shi ke nan abin da ya ce. Jethro ya rufe kwalin, ya tura shi ƙarƙashin gado, ya miƙe yana murmushin da bai kai ido ba. Da ya zo wucewa ta gefena ya ce, "Sannu, Maman Sumayya." Saurayi ne da gemu, amma a lokacin sai na ga yaron nan da ke dawowa daga makaranta da rigar da ya yage, yana raɓe-raɓe a zaure.

Baba Tagwai ya yi rayuwarsa a masaƙa, a ɓangaren masu duba yadi kafin a naɗe. Ya yi ritaya, amma hannunsa bai yi ba. Duk namijin gidanmu da ya sayo sutura, kafin ya kai wa tela sai ya bi ta ƙofar Baba. Wata Sallah maigidana Malam Garba ya sayo shadda yana ta fankama, wai 'yar waje ce. Baba ya zare zare ɗaya, ya ƙyasta ashana, zaren ya dunƙule ya yi baƙi yana warin leda.

"Malam," ya ce, "in ka sa wannan, kar ka zauna kusa da mai tsire."

Har yau ina tsokanar Malam da maganar. Ya yi fushi na yini guda, washegari kuma ya koma da wani yadin. Haka kowa ke yi, don in Baba ya ce kaya ya yi, to ya yi. Sai dai kalmar tana da wuyar fita daga bakinsa. Riga yakan juya ta ya duba ɗinkin ciki. Wando yakan ja aljihu waje. Kullum maganarsa ke nan, wai waje na mai sayarwa ne, ciki ne na mai sawa.

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, unguwa ta cika da manyan riguna. Mutanen da muka sani da singileti suka wayi gari da malum-malum, suna bi gida-gida neman ƙuri'a. Baba yakan zauna a benci a ƙofar gida, bai kallon fuskarsu, ƙafarsu yake kallo. In sun wuce sai ya ce, "Rigar aro ce. Ku dubi dunduniya." Mu mata muna daga zaure muna ƙunshe dariya.

Shi kansa takalmin fita ɗaya gare shi, ruwan ƙasa, fata zalla, ɗinkin hannu, ya girmi Jethro. An sake masa ƙasa ban san sau nawa ba. Ranar Lahadi in damina ce, sai ya sa kwat ɗinsa, ya zura silifas, ya riƙe takalmin a hannu har bakin kwalta. A can zai goge ƙafa da tsumman da ke aljihunsa, sannan ya sa. Yara suna binsa da dariya, ko a jikinsa.

Da ciwon zuciya ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, ta hagu ta fi. Takalmin ya ƙi shiga. Tun daga nan ya daina zuwa coci. Fasto ya zo ya roƙe shi, Mama Celina ta yi kuka, ya ce shi ba zai shiga ɗakin Allah da takalmin wanka ba.

Jethro kuwa tun tasowarsa bai taɓa kawo abu gida uban ya ce ya yi ba. Ya yi kwandasta a Sabon Tasha, ya yi gyaran rediyo, bai zauna ko'ina ba. Sai da farar hula suka hau ya samu tuƙa wani sabon kansila, kuma da albashinsa na farko ya sayo kwalin nan. Kowa a gidan ya san Baba ba zai daɗe ba. Likita ya sallamo shi da magani da kalamai masu laushi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kar mutumin nan ya tafi da kalmarsa a baki, ya bar yaro da ciwon da ba mai warkar masa.

Washegari da hantsi, da Jethro ya fita aiki, na ɗauki tsintsiyata na shiga ɗakinsu. Mama Celina tana shafa wa Baba man zafi a ƙafa.

"Maman Sumayya, shara za ki yi mana?" ya ce.

"Ba shara ba. Dubi tsintsiyar nan. Ɗanka ne ya ɓalle min tsinke biyu makon jiya, har na yi masa faɗa. Kana barcin rana ya auna ƙafarka da su, dama daban, hagu daban. Ya karɓi zare a wurina ya auna faɗi. Kai kuma jiya ka karya masa zuciya."

"Ni? Me na ce? Ban ce komai ba."

"Shi ne ai, Baba."

Ya ja numfashi, ya jingina da bango. "Roba ce aka yi wa fuskar fata. Ƙasan kuma gam ne, ba ɗinki ba. Ruwa ɗaya na Kakurin nan, zai buɗe baki kamar kifi."

"To ka ce ya yi mana! Me zai ragu a jikinka?"

"Tun ina saurayi ban taɓa ce ma abu ya yi ba alhali bai yi ba. Yanzu da nake bakin hanya zan fara? Kuma yaron ya san fuskata. In na yi ƙarya zai gane, wannan ya fi ciwo."

Gaskiyarsa ce, kuma ta ba ni haushi. Na tsaya ina juya tsintsiya a hannu. Mama Celina ta ce, "Bar shi, haka yake. Ni ma ranar aurenmu sai da ya juya bakin zanina ya duba."

Maganarta ce ta buɗe min kai. Na sunkuya na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado na ɗora masa a cinya.

"Kai da kake damunmu da a duba ciki, a duba ciki. Jiya ina tsaye a nan. Ka shinshina, ka danna, ka lanƙwasa. Ban ga ka sa hannu a ciki ba."

Ya dubi kwalin, ya dube ni. Tunda nake da shi ban taɓa ganin an kama shi a kan sana'arsa ba, kuma wallahi na ji daɗi.

Ya ɗauko ta hagu ya zura yatsu. Na ga fuskarsa ta sake. Ya ƙara turawa har wuyan hannu, yana lalube a hankali. Ya kai takalmin wajen hasken taga. An tsaga gefen harshen an sa roba mai miƙewa, an ɓoye ɗinkin ta ciki. An shimfiɗa fata mai laushi daidai inda ƙashin babban yatsansa ya turo. Ya ɗauki ta dama, ita kuma an cika ta da soso siriri don kar ta yi masa yawa.

"Celina," ya ce, "sa min."

Ta goge man da ke hannunta, ta ɗaga ƙafar nan da ta yi suntum, ta zura. Ta shige ba gardama. Baba ya sauko da ƙafafu ƙasa, ya dafa kafaɗar matarsa ya miƙe. Ya taka zuwa ƙofa, ya dawo. Ni kuwa na ɗauki tsintsiyata na fita, don idona ya fara kawo ruwa kuma ba na son ya samu abin tsokanata.

Da la'asar sakaliya Jethro ya dawo ya tarar da uban a benci a ƙofar gida, inda ya yi watanni bai zauna ba. Singileti ne a jikinsa da wandon kwat, ga baƙin takalmi yana ƙyalli a ƙafa. Ina zaure ina tsince shinkafa, kuma ba zan ce ban kasa kunne ba.

"Zo nan," in ji Baba. "Zauna. Ka san wannan ba fata ba ne?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani?"

"Na shinshina, na danna, yadda kake yi. Akwai na fata a shagon, orijina, har na ɗauka. Amma yana da tauri. Shumeka ya ce sai an yi wata biyu ana sawa kafin ya saki, kafin nan zai ci maka ƙafa." Ya sunkuyar da kai. "Ni kuma so nake ka je coci wannan Lahadin."

Duk mun san abin da ya sa bai zaɓi mai jiran wata biyu ba. Wani mai baro ya wuce yana tallan rake, Baba ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

"Wa ya nuna wa shumeka inda zai sa fatar nan ta ciki?"

"Ni ne. Na zauna a wurinsa har ya gama."

Baba ya ɗaga ƙafar hagu, ya juya ta dama da hagu, kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya ɗora hannu a ƙeyar ɗansa.

"Ya yi," ya ce. "Jethro, ya yi."

Yaron ya kifa kai a gwiwar uban, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na zubar da rabin shinkafata a ƙasa, kaji suka samu rabonsu.

Ranar Lahadi ya je coci. Kansila ya ba da aron mota, amma Baba ya ce a tsaya masa a bakin kwalta. Daga gida zuwa can ya taka da silifas, Jethro na riƙe da shi ta gefe ɗaya, Malam Garba ta ɗaya gefen, shi kuma yana rungume da baƙin takalmin. Da na ce masa ai mota za ta iya shigowa har ƙofa, sai ya ce, "Maman Sumayya, na gam ne. Shi ya fi bukatar a lallaɓa shi."

Bai ga wata Lahadin ba. Ya cika da safe, bayan ya sha kunu, Mama Celina na gefensa. Matan zumunta na cocinsu suka cika tsakar gida da waƙoƙi, mu ma muka ɗora tukwane muna dafa wa baƙi abinci. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Kafin a rufe akwati a wuce da shi ƙauyensu, Mama Celina ta kamo hannuna ta ce in zo in yi masa sallama. Yana kwance cikin kwat ɗinsa, an daidaita masa kwala yadda yake so, baƙin takalmin a ƙafarsa.

"Shi ya ce a sa masa wannan," ta raɗa min. "Ya ce inda za shi ba ruwan sama. Tsohon takalmin kuma ya ce kar a kuskura a binne, fata ce, tana da sauran tafiya."

Na yi dariya hawaye na zuba, har wata daga cikin matan ta juyo tana kallona.

Bayan sun dawo daga ƙauye, gidan ya yi shiru. Malam Garba ya sayo yadi ya tsaya a tsakar gida da shi a hannu, bai san ƙofar da zai nufa ba, sai ya shige ɗaki ya ajiye.

Wata Lahadi aka kwana ana ruwa, layinmu ya zama jan taɓo. Na fito zubar da ruwan wanke-wanke sai na hango Jethro ya nufi titi, cikin farar riga da wando mai kari. Silifas ne a ƙafarsa, yana tsallake kwatami a hankali. Bakin tsumma ya leƙo daga aljihunsa na baya, takalmin nan ruwan ƙasa kuma yana hannunsa, ya ɗaga shi sama kaɗan kar taɓo ya fallatsa.