Gefen Hagu na Jirgin Mai Agogo

"Ajiye shi inda ka gan shi," na ce.

Babban ɗan Mai Agogo ya tsaya a ƙofar ɗakin ubansa, rungume da jirgin, babban yatsansa a kan hasumiyar.

"Kawu, alheri nake son yi masa."

"Na ji. Cire yatsanka daga nan tukuna."

Mai Agogo maƙwabcina ne, katanga ce ta raba mu, yana kuma kwance a asibiti da ciwon huhu. Tun da mutane suka koma duba lokaci a waya ya rufe shago, ya kwaso ƙananan kayan aikinsa gida, ya soma gina jirgin ruwan yaƙi mai tsawon hannu. Bai taɓa ganin teku ba. A wani tsohon littafina ya samu hoton. Bai sayi komai ba. Gwangwanin madara ya yanka ya yi jiki, wayar tsohuwar fanka ya warware ya yi shinge, bakin bindigogi kuwa allura ce ya gutsure. Kawunan ƙusoshin jikin jirgin da tsinin allura ya turo su daga ciki, ɗaya bayan ɗaya, sai ka shafa kake sanin suna nan. Tun da matata ta rasu, a ɗakinsa nake yini, ina karatu yana zagin waya. Yana ce min Malam Takarda, ina ce masa Kyaftin na tudu.

Gefen hagu ne ya rage: ba shinge, ba tsani. Ranar da za a tafi da shi ya kama rigata ya ce, "Kar a taɓa min. Zan dawo in gama hagu." Ko a asibitin, cusa abinci yake yi dole, wai kada hannunsa ya koyi rawa.

Na faɗa wa ɗan duk wannan. Ya yi min murmushin da 'yan ofis ke yi wa tsofaffi.

"Kawu, likita ya ce ba lallai ya dawo ba. Akwai mai kanti da ke da irin kayan, na roba, a shirye. Gara ya ga abinsa a kammale kafin..."

"Kafin me? Ƙarasa mana. Duk shekarun nan ka taɓa zama ka ga yadda ake lanƙwasa waya guda?"

"Haba Kawu. Ai ubana ne."

Na karanta labaran 'ya'yan da suka kashe iyayensu da takobi, babu marubucin da ya gargaɗe ni a kan masu yi da kyauta. Ya wuce da jirgin.

Ina gefen gado a asibiti ina ɓare wa Mai Agogo lemo sai ɗan ya shigo da jirgin, lulluɓe da tawul. Warin fenti ya riga shi isowa. Ashe mai kantin bai tsaya ga gefen hagu ba. Da ya ga roba da gwangwani sun ƙi zama launi ɗaya, sai ya malale jirgin gaba ɗaya da fentin mai, ruwan toka, yana ƙyalli kamar ƙofar gareji. Shingen robar ya kai igiyar shanya kauri. Har tuta aka maƙala.

"Baba, ga jirginka. An gama!"

Masu jinya a gadon kusa suka taso. "Kai, madalla! Ɗa na gari ke nan."

Mai Agogo bai nemi tabarau ba. Ya miƙa hannu ya shafa gefen dama, nasa gefen, a hankali daga gaba zuwa baya. Ya sake shafawa. Na san abin da yatsun ke nema. Fenti ya cinye ƙusoshin duka.

"An gama," ya ce.

"An gama, Baba."

"To. Allah ya yi maka albarka." Ya dube ni. "Malam Takarda, juya ni wajen bango."

A baranda na tare ɗan.

"Hankalinka ya kwanta?"

"Kawu, ai a gabanka ya sa min albarka."

"Ubanka mai kunya ne, ni ba ni da ita. Abu guda ya rage masa da zai tashi dominsa, ka ɗauka ka kai wa mai fentin gareji."

Ya ce baƙin ciki ne ke sa ni magana, ya yafe min. Ya yafe min!

Daga ranar Mai Agogo bai ƙara taɓa abinci ba. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, ya cika, fuskarsa na kallon bango.

Ni aka ce in yi masa wanka, tunda babu wanda ya fi ni saninsa. Daga tsakar gida ina jiyo masu gaisuwa suna yaba jirgin, ɗan yana nuna musu tuta. Na buɗe hannun dama, wanda ya dunƙule tun ranar. Fentin ya bushe a kan yatsunsa, har cikin farce. Na sa sabulu na cuɗa, na sake cuɗawa.

Mai zuba min ruwa ya ce, "Malam, ba zai fita ba. A bar shi haka."

"Ƙaro ruwa," na ce.