Man Kaɗe a Cikin Gilashi

Tanko ya daɗe yana tuƙa baƙi a Doha, amma bai taɓa ɗaukar irin na ranar nan ba. Tsofaffi ne daga ƙasashe daban-daban, kuma jagorarsu ta ce ba sa ziyartar ko'ina sai garuruwan da suka yi alkawarin cinikin adalci, inda ake biyan mai yin kaya haƙƙin guminsa. Tanko ya ce a ransa lallai tafiyarsu ba ta da tsawo.

Hankalinsa ma ba a kansu yake ba. Yayarsa Atine tana ƙauyensu kusa da Kontagora, miji ya rasu ya bar ta da yara. Wani dillali a unguwar Najma ya samo mata aikin gida a nan Doha, yana son amsa kafin la'asar. Atine ta ce duk abin da Tanko ya yanke. Shi kuwa ya sha sauke mata 'yan aiki a ƙofar irin waɗannan gidaje, bai cika ganin sun fito ba.

Ya sauke baƙin a wani zauren baje koli a unguwar Al-Sadd. Zafi ya kore shi daga mota, ya bi su ciki.

Kowane gari da rumfarsa, da sunansa, da hotunan masu yin kayan. Ga zuma, ga darduma, ga gahawa daga tsaunukan da bai taɓa jin labarinsu ba. Mutane na tafiya a hankali, murya ƙasa-ƙasa, kamar masu zuwa dubiya. Can ƙarshen zauren wani wari ya tsayar da shi. Man kaɗe ne, wanda yara suka riƙa toshe hanci suna tsokanarsa a kansa a makaranta. Ga shi an jera a kwalaben gilashi ƙarƙashin fitilu, yadda Larabawa ke jera turare.

Wata dattijuwa na zaune a tabarma, hannunta cikin baho har gwiwar hannu, tana bugun niƙaƙƙiyar kaɗanya da ruwa. Allon kusa da ita ya ce Basiratu, daga Tamale. A jirgi aka kawo ta don wannan aikin kawai. Mutane sun zagaye ta, ba mai ko tari. Da farin man ya fara tasowa saman ruwan, wani tsoho ya cire hularsa. Wannan bugun Atine ke yi tun yana goye, ba wanda ya taɓa tsayawa ya kalla, har shi.

Da aka watse ya gaishe ta, ya ɗauki kwalba, ya duba farashi, ya taya rabi. Ba mugunta ba ce. Shi dai bai san wata hanyar sayen abu ba. Ya tsaya jiran ta ce albarka, ya ƙara, ta rage.

"Ɗan Nijeriya ne kai," in ji ta, tana goge hannu.

"Hajiya, ko gyara babu?"

"Me zan rage? Ba nawa ba ne ni kaɗai. Matan da suka tsinto, da waɗanda suka soya, su suka zauna suka sa kuɗin. In na rage maka, hannun wa zan yanke?"

Ya mayar da kwalbar a hankali, da hannu biyu.

"Yayata ma tana yi," ya ce. "Dillalai ke zuwa har gida. Su suke faɗin kuɗin."

"Mu ma haka muka fara. Kira ta in gan ta."

Ya kira Atine ta bidiyo, ya juya wayar yana nuna mata kwalaben, da fitilun, da baƙin da suka yi layi. Atine ta ƙura wa kwalaben ido.

"Tanko, man kaɗe ne wancan?"

"Shi ne, Yaya."

"Ikon Allah." Sai ta matso da fuska. "Matso da ni kusa da bahon. Baiwar Allah, ruwan nan bai yi miki sanyi ba?"

Basiratu ta yi dariya, ta karɓe wayar da hannu mai maiƙo. "Sanyin ɗakinsu ne, 'yar'uwa, tun safe nake faɗa da shi."

Suka manta da shi. Ya tsaya yana jin Atine na tambayar yadda matan suka haɗu, da wadda ta fara korar dillalan man, da ko ana karɓar na wani gari. Basiratu ta ce ba sauri ake yi ba, sai an zo an ga yadda suke aiki, kuma ba mace ɗaya ake karɓa ba.

"Mata ai muna da su," in ji Atine.

Kiran dillali ya shigo saman allon. Basiratu ta miƙo masa wayar.

"Yaya, mutumin Najma ne. Me zan ce masa?"

"Ka ce ya nemi wata. Kuma ka maida ni wurin Hajiya, ba mu gama ba."